Gyartai da Sunan Mai Rijiya

A garin Kwarin Gawo, in ka je kana cigiyar wanda ke rubuta tarihin gari, ba za a ce maka malam ba, ba kuma za a ce marubuci ba. Cewa za a yi, "Je ka wurin gyartai." Baƙo yakan ɗauka ba'a ake yi masa, don kowa ya san gyartai shi ne mai ɗinke ƙwaryar da ta fashe, mutumin da ko a gidan biki ba a shimfiɗa masa tabarmar kirki. To, ba ba'a ba ce. Ga yadda abin ya samo asali kamar yadda na ji shi, ban kuwa ƙara gishiri ba sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Wata ranar Talata da hantsi mata suna jan ruwa a babbar rijiyar garin, wadda in ban da ita babu ruwan sha sai an yi tafiyar kwana uku. Wata ta jawo guga ta ji ya yi nauyi, ta kira 'yan'uwanta suka kama mata. Da gugan ya iso baki sai ga wani tsoho zaune a ciki, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, ya naɗe farin gemunsa a ƙugu har sau uku, ko ɗigon ruwa babu a jikinsa. Mata suka watsar da tuluna, kowace ta yi ta kanta. Kafin ka ce me gari ya taru, Maigari Barmo yana gaba yana gyara rawanin da ya naɗa a guje.

Tsohon ya miƙe a cikin guga ya ce, "Ya ku mutanen Kwarin Gawo, ni jakadan masu ruwa ne. Yau shekara ɗari biyu cif da wani mutum ya haƙa ramin nan, ya iso ƙofarmu hannuwansa suna jini, ya roƙa muku ruwa. Muka ba shi. Ba mu nemi sa ba, ba mu nemi rago ba. Abu ɗaya muka ce: ranar da wa'adi ya cika, wanda ya fi kowa tsufa a garin ya tsaya a bakin rijiya ya gode wa mutumin nan da sunansa na yanka. Kwana bakwai muka ba ku. Mutum ɗaya zai faɗa, sau ɗaya. In an faɗi daidai, ruwa naku ne har abada. In an kuskure, ko leɓe ba za ku ƙara jiƙawa a nan ba."

Yana gama faɗa ya ɓace. Aka leƙa rijiya, sai busasshen yashi.

Da farko mutane har dariya suka yi. Wa bai san Mai Rijiya ba? Yara suna waƙarsa, mata suna ambatonsa in sun sauke tulu. Sai da aka ce to a faɗi sunansa, nan fa kowa ya shiga kallon na kusa da shi. Abin da ya faru shi ne, mutanen Kwarin Gawo Allah ya zuba musu kunya har ta yi musu yawa. Mai Rijiya ɗan fari ne, don haka uwarsa ba ta taɓa kama sunansa ba. Matarsa kuwa ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗa ba. 'Ya'yansa suka ce Baba, jikoki suka ce Kaka, sauran gari suka ga ai rashin ladabi ne a kira babban mutum irin wannan da suna gatsal. Haka suka yi ta girmama shi har suka girmama sunan ya ɓace.

Maigari Barmo ya yi gyaran murya ya ce, "Ni ban ga abin wahala ba. Wa zai yi aiki irin wannan in ba kakana Jatau ba? Maroƙa ma haka suke faɗa. A ɗauko Iya Daso ta faɗa mu huta."

Iya Daso ita ce ta fi kowa tsufa a garin. Ƙafafunta sun daɗe da mutuwa, idonta ya dushe, amma bakinta yana nan da kaifinsa. Ɗanta Korau, gyartan garin, shi ya goyo ta zuwa wurin taron. Ta ce, "Barmo, maroƙan nan a gidanku suke cin tuwo. Ni ban ji haka daga bakin kakata ba, kuma sau ɗaya aka ce. Ba zan jefar da ruwan jikokina a kan abin da ban sani ba."

Kwana biyu ana shawara, ba a tsinana komai ba. Ruwan randuna ya fara ƙarewa, mutane suka fara ɗaure kaya a kan jakuna. Korau ya ce wa uwarsa ta shirya ya goya ta. Ta ce, "Kai, tafi abinka. A nan aka binne cibiyata, a nan za a binne sauran." Ya san ta sarai, in ta faɗi magana an gama. In ruwa bai dawo ba, ƙishirwa ce za ta kashe masa uwa a kan gadonta, yana ji yana gani.

Rana ta uku da sassafe ya rataya burgaminsa, wanda babu komai a ciki sai basilla da zaren kaba, ya ce a zura shi cikin rijiya. Mutane suka ce gyartai ya taɓu, amma suka zura shi, don babu mai wata dabarar da ta fi wannan.

Ƙafarsa tana taɓa yashi sai yashin ya buɗe, ya zurma, ya yi ta faɗuwa har ya gaji da salati. Ya dira a wani fili mai rana biyu, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, babu inuwa ko ta tsinke. Ya yi ta tafiya har tafin ƙafarsa ya saluɓe, sannan ya iso wata ƙofar dutse. A bakinta ga wani ƙaton aljani, kansa yana gogar gajimare, yana zaune yana kuka, hawayensa suna tafasa in sun taɓa ƙasa.

Aljanin ya ce, "Ya kai bil'adama, yi ban kwana da duniya. Ba a wuce ƙofar nan da rai."

Korau ya ce, "Ya kai mai tsaron ƙofa, na ji na yarda. Amma kafin ka cinye ni, me ya sa babba kamarka kuka?"

Aljanin ya nuna masa wani masaki da ya tsage tun daga baki har gindi. Ya ce shekara ɗari uku yana ɗebo ruwa daga kogin da ke bayan dutse, kafin ya kai bakinsa ya tsiyaye. Korau ya ga tsaga, sai tsoro ya tafi, sana'a ta motsa. Ya zauna ya huda gefe da gefe, ya bi da zare yana ja yana matsewa, ya miƙa masa. Aljanin ya sha masaki bakwai bai numfasa ba, ya yi gyatsa duwatsu suka gangaro.

Ya ce, "Ya kai ma'abocin basilla, ka shayar da ni, ba zan ci ka ba. Abin da kake nema yana Birnin Ƙore, wurin Magajiya. Amma a gabanka akwai kurmin kirari. Duk abin da ka ji, kada ka amsa."

Ya sa yatsa ya ture ƙofar. Korau ya shiga wani kurmi mai duhun ganye, yana sa ƙafa itatuwa suka ɗauki murya. "Korau giwa! Korau bangon gabas! Ɗan sarki jikan sarki, wanda ya taka ƙasa ta gode!" Ku tuna mutumin nan tun da aka haife shi babu wanda ya taɓa yi masa kirari, abin da ya saba ji shi ne, "Gyartai, ɗinkinka na jiya yana yoyo." Daɗi ya ratsa shi har ƙashi. Tafiyarsa ta sauya, ya fara taku ɗai-ɗai yana buɗa kafaɗa, bakinsa ya buɗe zai ce na gode. Sai idonsa ya faɗa kan wata bishiya a gefen hanya, ya ga tana da kunnuwa da hanci, ga sauran rawani a rassanta. Ashe duk itatuwan nan mutane ne da suka amsa. Ya toshe kunnuwansa da yatsu ya zura da gudu, ƙaya tana yagar rigarsa, bai tsaya ba sai da ya ga haske.

Daga nan ya bi ta wani rafi da ke gudu zuwa sama, ya ratsa garin wasu mutane masu tafiya da baya waɗanda ba sa gaisawa sai za a rabu, ya haye wani kwazazzabo a kan karan dawa guda ɗaya, macizai suna hamma a ƙarƙashinsa. A rana ta biyar ya hango Birnin Ƙore.

Birnin ba shi da ɗaki ko ɗaya, sai jeren ƙore iya ganin ido, an kife su bisa juna har sun fi rimi tsawo. A tsakiya wata tsohuwa tana zaune a kan turmi, idanunta huɗu, biyu a gaba biyu a ƙeya. Korau ya durƙusa ya yi gaisuwa.

Ta ce, "Ya kai ɗan Daso, ni ce Magajiya. Kowace rana da ta taɓa fitowa a kan kowane gari, ƙwaryarta tana nan. In aka zuba mata ruwa sai a ga abin da ya faru a ranar. Wace rana kake nema?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ranar da ruwa ya fito a rijiyar Kwarin Gawo."

Ta tafa hannu, sai ga abu biyu a gabansa. Ɗaya ƙwarya ce sabuwa fil, an yi mata zane na ƙawa, ga wani barde a kan doki ya soki ƙasa da mashi ruwa yana tsartuwa, an rubuta Jatau a ƙarƙashi. Ɗayan kuwa sakaina ce guda biyu, baƙaƙe, duk sun sha hayaƙi. Ta ce, "Zaɓi ɗaya. Abin da ka zaɓa da shi za ka koma."

Korau ya ɗauki sabuwar ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya sansana. Ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan ba ta taɓa shan hannu ba. Ƙwaryar da ta shekara ɗari biyu a ce ko ƙwarzane babu? Ni dai ban taɓa gani ba." Ya ajiye ta ya ɗauki sakainun.

Ya haɗa su ya ɗinke, amma sai ga giɓi ya rage a gefe, kamar faɗin tafin hannu. Ya karkata ƙwaryar ya zuba ɗan ruwan da za ta iya riƙewa. Nan take ya ga wani siririn mutum gajere a cikin rami, yana sara da ƙyar, hannuwansa sun farfashe. Ga uwarsa a bakin rami tana cewa, "Ku ce wa ɗan nan ya fito ya sa wani abu a cikinsa." Ga matarsa tana share hawaye tana cewa, "Maigida, ka bari haka." Ga mutanen gari suna wucewa suna cewa mahaukaci. Ruwan ya tsiyaye ta giɓin, komai ya ɓace, babu wanda ya kama suna.

Magajiya ta ce, "Ga ƙore nan birjik. Yanki wata ka cike giɓin, ka shafa danko ka goge, wa zai sani?"

Ya ce, "Ruwa zai sani, ranki ya daɗe. Ba a sa wa ƙwarya ɓarin da ba nata ba. Ina nata yake?"

Duk idanunta huɗu suka juyo kansa. Ta ce, "Yana juji. Duk abin da mutane suka ji kunyar faɗa suka cire daga labari, can yake faɗawa. Amma ka sani, da yawa sun shiga ba su fito da hankalinsu ba."

Jujin yana bayan birni, tsibi ne ya fi dutsen da ya baro. Babu wani dodo mai tsaronsa, sakainun da kansu suke tsaron kansu, don duk wadda ka taɓa sai ta yi magana. Wannan ta yi ashar, waccan ta fashe da kuka, wata ta tona wanda ya gudu daga fagen yaƙi, wata ta faɗi wanda ya ci amanar maraya. Korau ya sa hannu yana lalube, ihu ya cika masa kai. Can ya taɓo wata, sai ya ji muryarsa shi kansa, ranar da ya daka wa uwarsa tsawa don ta zubar da koko. Ya zauna ya yi kuka mai isarsa, ya ji kamar ya binne kansa a wurin. Da ya tuna wadda ya yi wa tsawar tana can tana jiran ruwa, sai ya share ido ya ci gaba. Bai dogara da ido ba, yatsunsa ya sa, don sun riga sun haddace bakin giɓin nan. Yini guda cur yana tono, sannan ya ji wata 'yar sakaina ta zauna masa a hannu daidai.

Ya kawo ta ya ɗinke, bai ɓoye ɗinkin ba, ya cika ƙwaryar da ruwa. Ko ɗigo bai fita ba. Sai ga ramin nan ya dawo, ga wata tsohuwa ba haƙori ko ɗaya ta dogaro sanda ta leƙa ciki. Kakar mai haƙar ce, ita kuwa kaka babu kunya tsakaninta da jika.

Ta kware baki ta ce, "Kai Hambali! Hambali mai kan tulu, mai ƙafar sauro! Mijin banza mijin wofi, ka bar ni da ƙishirwa kana tonon gara? In ba ka fito da ruwa yau ba, ka sallame ni in auri mai ƙarfi!"

Mutumin da ke ramin, wanda ya riga ya yar da dagi ya haɗa kai da gwiwa, ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Tsohuwa, wa zai kwashe ki?" Ya ɗauki dagin ya ƙara sara ɗaya don ya ba ta haushi, sai ƙofar masu ruwa ta buɗe.

Ashe dattawan gari ne suka cire wannan wurin tun da daɗewa. Sun ga bai dace a riƙa faɗa wa yara cewa an taɓa ce wa Mai Rijiya mai kan tulu ba.

Korau ya ɗago kai ya dubi Magajiya. Hambali sunansa ne na yanka shi ma, sunan da tun ranar da aka raɗa masa bai fi sau uku ya ji shi a bakin wani ba. Magajiya ta ce, "Kakanka ne na shida. A gidanku duk ɗan fari wannan sunan ake sa masa, sai a lulluɓe shi da laƙabi, har kuka manta dalili. Kuna zaune a kansa kamar kaza a kan ƙwai, gari yana nema."

Ya dubi siririn mutumin nan a cikin ruwa, wanda duk garin suka sha guminsa shekara ɗari biyu, ya ji godiya ta cika shi. Ya ce, "Allah ya saka maka, Kaka. Allah ya saka wa tsohuwar nan mai baki."

Magajiya ta ce, "Ya kai ɗan Daso, sarakuna sun zo nan sun ɗauki sabuwar ƙwarya, masu ilimi sun zo sun cike giɓi da danko. Kai kaɗai ka shiga juji. Ka gaya wa mutanenka, daga yau su sa wani ya riƙa rubuta abin da ya faru, da suna da rana, mai daɗi da marar daɗi. Ya tattara ɓari-ɓari daga bakin mutane, kada ya ƙara abin da ba nasa ba, inda ya haɗa kuma ya bar ɗinkin a fili kowa ya gani. Wanda duk ya riƙi aikin nan, sunan sana'arka za a kira shi da shi." Kun ji inda kalmar ta fito.

Ta hura masa iska a fuska. Ya buɗe ido ya gan shi a gindin rijiya, rana ta bakwai, la'asar ta yi sanyi. Ya girgiza igiya aka jawo shi. Rabin gari sun riga sun tafi, sauran suna tsaye da kayansu a ka, leɓuna duk sun tsattsage. An kawo Iya Daso an zaunar a bakin rijiya, Maigari Barmo yana durƙushe a gabanta yana roƙo ta ce Jatau kafin rana ta faɗi.

Korau ya ratsa mutane ya durƙusa, ya kai bakinsa kunnenta ya raɗa mata. Shi ne ɗanta na fari. Shekara sittin da haihuwarsa, ko a mafarki ba ta taɓa kama wannan suna ba, yau kuma a ce ta faɗe shi da ƙarfi a gaban gari, ga surukai ga jikoki.

Ta ce a hankali, "Ba wani sunan sai wannan?"

Ya ce, "Babu, Iya."

"A kira wata ta faɗa mana."

"Ke aka ce, Iya. Rana tana tafiya."

Ta daɗe tana murza bakin zanenta, har mutane suka fara salati. Sannan ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf, ta lalubi bakin rijiya ta dafa, ta ɗaga muryar da ba a san tana da sauranta ba.

"Hambali! Mun sha, 'ya'yanmu sun sha, dabbobinmu sun sha. Mun gode, Hambali. Allah ya ji ƙanka."

Korau bai san lokacin da bakinsa ya ce "Na'am" ba. Daga can ƙarƙashin ƙasa wata murya ita ma ta amsa, "Na'am," sai aka ji ruri, ruwa ya taso yana tumbatsa har ya zubo ta baki ya jiƙa ƙafafun mutane. Mata suka ɗauki guɗa, maza suka faɗi suna sha da hannu, aka tura masu gudu su komo da waɗanda suka tafi.

Shi kuwa Korau yana nan durƙushe cikin caɓi, ƙato da furfurarsa yana kuka kamar yaro. Iya Daso ba ta buɗe fuskarta ba. Ta miƙo hannu ta ƙarƙashin mayafi ta lalubo kansa ta riƙe gam, ta ce, "Kai kuma wa ya kira ka? Ba da kai nake ba."